Indararon Tagar Baba

Ni injiniyan ruwa ne, kuma gara in faɗi haka tun da wuri don a san girman abin kunyar. Shekara da shekaru aikina ke nan a wani ofishi a Maryland ta Amurka: in zauna gaban kwamfuta in auna inda ruwan sama zai bi idan ya sauka a titi, in zana masa magudana, in sa hannu a ƙasan takarda. Akwai unguwanni a yankin nan da mutane ke barci hankali kwance ana sheƙa ruwa, saboda sa hannuna. Ni ɗin nan ne taga guda ɗaya, wadda ba ta kai rabin dardumar salla ba, ta yi wata ɗaya da rabi tana wasa da hankalina a gaban surukina.

Tagar a jikin wata tsohuwar mota take, irin motocin nan da Amurkawa ke zama a ciki idan sun fita yawon buɗe ido: ga gado, ga ɗan kicin, ga banɗaki, duk a kan taya. Na saye ta wurin wani dattijon Bature a bayan Gaithersburg. Ranar da zan ja ta, ya shafa gefenta idonsa ya cika da ƙwalla. Na ɗauka ƙauna ce. Daga baya na fara zargin murna ce. Nufina mu zaga ƙasar ni da maiɗakina, tunda yara sun girma sun tafi makaranta. Sau ɗaya muka je bakin teku da ita, maiɗakin nawa ta ce ita ba ta baro Zariya don ta yi girki a kicin ɗin da mutum ba ya iya juyawa a cikinsa ba. Daga nan motar ta samu wurin zama a gefen gidanmu a Laurel, ƙarƙashin wata doguwar bishiya mai zubar da ganye siriri kamar allura.

Sai maganar idon Baba ta taso. Baba shi ne mahaifin maiɗakina, tsohon magini, wanda ya yi ƙuruciyarsa da tsufansa yana ɗora azara da yaɓe soraye a cikin birnin Zariya. Yanar ido ce ta rufe masa ido biyu har ya daina fita masallaci shi kaɗai. Likita a nan ya ce aiki ne mai sauƙi, za a yi ido ɗaya, a bari ya warke, bayan wasu makonni a yi ɗayan. Biza ta fito, tikiti ya samu, sai Baba ya aiko da sharaɗi ta bakin ƙanin maiɗakina: shi ba zai kwana a gidan suruki ba. Ga shi kuma maiɗakina ita ce 'yar farinsa. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa zama ya yi hira da ita ba. Idan ya zama dole ya ambace ta sai ya ce "mutanen gidan."

Na ce a kama masa otal, ta ce wa zai kai masa tuwo. Na ce ga ɗakin ƙasa da ƙofarsa daban, aka ce rufi ɗaya ne. Ita ce ta leƙa waje wata safiya ta ce, "Wannan abar da ka ɓata mana fili da ita fa?"

Aka kira Baba a waya, ƙaninta yana tsakani yana isar da saƙo duk da cewa kowa na jin kowa.

"Tana da taya?" in ji Baba.

Na ce, "Shida ma, Baba."

Sai ya ce, "To ai mota ce. Matafiyi kuwa yana kwana a mota."

Haka aka warware matsalar da ta fi ƙarfin biza.

Na jawo wa motar wuta da ruwa daga gida, maiɗakina ta wanke ta tas, ta shimfiɗa sabon zanin gado, ta turara ta. A makon ne kuma ta cire labulen tagar kicin ɗinmu, ta ce wanki yake so. Na yi ƙorafi sau biyu cewa rana na dukan idona idan ina shan shayi, ta ce bai bushe ba tukuna. Na bar maganar, don ina da abin da ya fi labule damuna.

Zamanmu ya kama tsari. Da safe in je ƙofar motar, in tuɓe takalmi a kan ciyawa, in durƙusa a matakala in gaishe shi. Ya amsa yana kallon wani gefe, ya ce, "Injiniya, an tashi lafiya? Ya mutanen gidan?" Mutanen gidan kuwa tana bayana da tire a hannu. Ta ajiye a bakin ƙofa, ta gaishe da ƙasa, ta juya. Ba ya cin komai sai ya tabbata na bar wurin. Na yi shekaru a ƙasar da suruki ke buga kafaɗar surukinsa su zauna kallon ƙwallo, amma ban ji abin ya yi mini nauyi ba. Gaskiya ma daɗi na ji, kamar an kawo mini gida har bakin ƙofa.

Aka yi aikin idon dama lafiya. Likita ya ja kunnenmu: kada ruwa ya taɓa idon, kada ƙura, kada damshi. A makon ne sama ta buɗe, irin ruwan nan na farkon zafi da ke zuwa da iska yana dukan bango a karkace.

Da safe na durƙusa na ce, "Baba, ya ruwa?"

Ya ce, "Ruwa ya yi gyara."

Kwana uku ruwa na gyara. A rana ta huɗu maiɗakina ta ce mini, "Ka lura Baba na shanya tawul kullum a kan madubin mota? Yau har da bargo." Na koma na tambaye shi ko tagar gefen gadonsa tana yoyo. Ya ce ɗan raɓa ne, ba abin magana ba. Sai ranar da ta kai shi asibiti duba ido na shiga ciki. Katifar ta jiƙe daga wajen kai har kusan tsakiya. Ya jera kofunan shayi uku a ƙasan tagar, ya naɗe rawaninsa ya tare gefen da kofi ba ya zama. Mutumin da aka ce kada damshi ya kusanci idonsa, a nan yake sa kansa. Na ji kunya ta rufe ni, sannan haushi ya biyo baya, na tagar da na shirun nasa.

Na tafi kantin kayan gini na sayo silikon, gam ɗin nan da ake matsawa da bindiga, har kwalba huɗu. Na kafa tsani na bi gefen tagar daga waje ina dubawa da idon gwani. Can ƙasa, a jikin ƙarfen da gilashin ke zamewa a kai, sai ga wasu 'yan ramuka guda biyu, dogaye, kowanne bai fi tsawon farce ba, cike da baƙin datti. Na ce a raina, ga ɓarayin nan. Wane irin maƙeri ne zai bar huda a jikin taga? Na ɗura musu silikon har ya tumbatso, na shafe da yatsa, na bi sauran gefen tagar na zagaye ta kaf.

Baba na zaune a kujera ƙarƙashin bishiya da baƙin tabarau. Da na sauko ya taso a hankali, ya kai hannu ya bi ƙasan tagar da yatsunsa. Da ya zo kan ramukan nan ya tsaya. Ya ɗan danna. Ya matsa ga na biyun, ya sake tsayawa. Sannan ya goge yatsansa a gefen riga ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya. Allah ya yi albarka." Na shiga gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa, na gaya wa maiɗakina cewa magini ya duba aikina ya sa albarka.

Ruwa na gaba da aka yi, kofunan suka zama biyar, aka ƙara da kwanon miya.

Daga nan abin ya tashi daga gyara ya koma rigima tsakanina da taga. Na kalli bidiyon masu irin motocin nan a waya, ina tsallake wuraren da suke yawan surutu, tunda ni ba sabon shiga ba ne. Suka ce robar da ke tsakanin taga da jikin mota tana bushewa idan ta tsufa, sai an ciro tagar ɗungurum an sa sabuwa. Ranar Asabar na kwance sukurorin ciki ɗaya bayan ɗaya, maiɗakina na waje a kan tsani ta tallafe gilashin tana cewa in yi sauri hannunta ya gaji. Baba, da ya ga 'yarsa ta hau tsani, sai ya ɗauki kujerarsa ya koma ɗaya gefen motar. Na kankare tsohuwar robar, wadda ta bushe tana farfashewa, na manna sabuwa mai danƙo, muka mayar da tagar, na ɗaure. Wannan aikin kam na yi shi da kyau, har yau ina alfahari da shi. Da na gama sai na ga silikon ɗin ramukan nan ya ɗan ɗaga wajen jijjiga, na sake cika su da sabo don kada a bar baya da aiki.

Na watsa wa tagar ruwa da tiyo na ɗan lokaci, ko ɗigo bai shiga ba. Bayan kwana biyu aka yi ruwa na gaske, na rabin yini, Baba ya shanya katifa.

A masallacin Juma'a kowa ya zama gwanin taga. Wani likita ya ce in sayar da motar. Wani ɗan jarida ya ce in canja wa tsohon wurin kwanciya, ƙafa ta koma wajen kai. Na kai wa Baba wannan shawarar, ya ce a'a, nan ɗin ya fi masa. Na ce ko in sa masa gado a wajen tebur, ya ce kada in wahalar da kaina. Ni kuwa na riga na wahala. Saura kwana goma a yi aikin ido na biyu, na sayo tampol shuɗi, babba, na yafa shi daga rufin motar ya sauko ya rufe tagar ruf, na ɗaure da igiya a jikin taya. Motar ta yi muni, ta zama abin kallon maƙwabta. Amma aka kwana ana ruwa, da safe na taɓa katifa ta bakin ƙofa na ji ta a bushe ƙamas. Na tafi ofis ina jin na ci yaƙi.

Da na dawo da la'asar na tarar da maiɗakina a kicin idonta ja. Ta ce, "Baba ya kira gida Zariya. Ya ce a matso masa da tikiti, jibi yake so ya tafi."

Na ce, "Ido na biyun fa?"

"Ya ce ɗaya ya ishe shi ganin hanyar masallaci."

Raina ya ɓaci sosai. Wata guda mutum na kwana cikin ruwa yana cewa raɓa ne, yau da aka samu bushewa shi ne zai haɗa jaka? Na ce mata wannan kunyar tasu sai ta bar mutum da makanta, na ce ta je ta yi masa magana da bakinta, ubanta ne. Ta dube ni ta ce, "Ni? Ka taɓa ganin na yi?" Sannan ta ce, "Kai ne ka rufe, kai za ka je." Ban fahimci abin da take nufi ba, na ɗauka faɗa ne kawai take nema.

Na je. Jakarsa na bakin ƙofa a ɗaure, da butarsa a kai. Cikin motar ya yi duhu, komai ya koma shuɗi saboda tampol. Na tuɓe takalmi na durƙusa na gaishe shi, amma maimakon in tashi kamar kullum, sai na zauna a kan matakalar. Ban taɓa zama a gabansa ba tun ranar ɗaurin aure.

Na ce, "Baba, ko mun yi wani laifi ne?"

"Subhanallahi. Babu laifi, Injiniya. Na dai ga ina wahalar da kai. Kullum kana kan tsani, ga aikin ofis."

"Ai an gama, Baba. Yanzu ba ta yoyo."

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Ba ta yoyo kam. Ai yanzu babu tagar."

Na dubi tampol ɗin da ya rufe ta. Shi kuma ya juya fuskarsa ga bango, kamar da bangon yake magana, ya ce akwai wani attajiri da ya taɓa yi wa gini a birni. Soro mai kyau, ya sha yaɓen makuba. Bayan an gama sai attajirin ya ga indararo sun fito a gaban gida sun ɓata masa ado, ya sa aka cire aka yaɓe gurbinsu. Ruwan farko, rufin ya zama tafki. Ruwa na uku, azara ta sauko ta same shi a ɗaki. Baba ya ce, "Ba da kowa nake ba. Tuna shi kawai na yi."

Sai a lokacin na gane inda labarin ya dosa. Na tashi ba takalmi na kwance igiya, na janye tampol. Baba ya biyo ni, ya miƙo mini tsinken sakace daga aljihunsa, yana kallon bishiya. Tsinken ya karye, na ɗauko ƙusa. Na dinga ƙwaƙulo silikon daga ramin farko, sabo da tsoho, sannan baƙin dattin da ke bayansa, ruɓaɓɓen ganyen bishiyar nan da ya dunƙule. Ƙusar na kaiwa ciki sai ruwa ya tsiyayo, baƙi, mai wari, ya bi hannuna ya shiga hannun rigata. Na buɗe na biyun, shi ma haka.

Baba ya ce, "Indararo ne. Wanda ya ƙera tagar nan ya san ruwa sai ya shiga inda gilashi ke zamewa. Bai tsaya gardama da shi ba, ya bar masa ƙofar fita."

Ke nan tun farko ganye ne ya toshe su, ruwa ya cika ƙarfen ya malala ciki. Aikin tsinke ne. Ni kuwa, mai zana magudana, na zo na tarar da magudana a toshe na ƙarasa toshe ta, har sau biyu, na kuma saya mata hula.

Na ce, "Baba, tun yaushe aka gane?"

"Tun ranar da ka shafa. Yatsa ya gaya mini."

"Amma aka sa mini albarka."

"To me zan sa maka? Kai ne mai takardar aikin. Ga kuma mutanen gidanka na leƙowa." Ya gyara tabarau ya ce, "Ruwa kaɗan ne, ai ba ya kisa."

Na tsaya da ƙusa a hannu, rigata na ɗiga. Dattijon nan ya zaɓi ya kwana wata guda a jiƙaƙƙiyar katifa, da sabon ɗinki a ido, don kada in ji kunya a gaban matata. Dariya ta zo mini, kuka ma ya zo, na haɗiye duka biyun na naɗe tampol.

Ba a sake maganar tikiti ba. Washegari na ga butar ta koma wurinta. Aka yi ruwa a makon har sau biyu, na tsaya da lema ina kallon 'yan ramukan nan suna tsiyayar da ruwa waje abinsu. Aka yi aikin ido na biyu, ya warke. Na ji shi a waya yana gaya wa mutanen Zariya cewa tagar ɗakinsa ta ɗan yi yoyo amma surukinsa injiniya ne, ya gyara ta cikin minti biyar. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ya dai tsallake wata ɗaya da rabi.

Abu ɗaya ban tambaya ba, wato me ya sa jiƙa bai kore shi ba sai tampol. Na ba kaina amsa cewa tsoho ne mai son haske, an buɗe masa ido, ba zai so duhu ba. Na gamsu da wannan amsar kamar yadda na gamsu da silikon.

Bayan mun kai shi filin jirgi da kwana biyu na shiga motar in kwashe shimfiɗa. Na zauna a kan gadon, daidai wajen kai, inda katifar ta lotsa saboda zamansa. Na ɗaga ido. Ta tagar nan, tsallaken 'yar ciyawar da ke tsakani, tagar kicin ɗinmu ce sak, babu labule. Ga maiɗakina a tsaye gaban famfo tana wanke shinkafa, fuskarta a fili, har ina ganin bakinta na motsi tana 'yar waƙarta. Daga kowane gefe na motar ba a ganin wurin sai daga nan.

Na daɗe a zaune. Sannan na shiga gida na tsaya a bayanta na ce, "Labulen nan har yanzu bai bushe ba?"

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Tun ina yarinya Baba bai taɓa duban fuskata ba, in ina wuri sai ya kalli ƙasa. Da aka ce za a buɗe masa ido, na ce to bari ya samu inda zai kalla ba wanda ya gan shi." Ta tsiyaye ruwan shinkafar. "Ni ma ban taɓa ɗaga kai ba. Amma na san lokacin da yake zama."

Baba ya rasu shekara biyu bayan haka, da idonsa biyu garau. Motar na nan inda take, mutane sun taya na ƙi. Duk lokacin da bishiyar ta fara zubar da ganye nakan ɗauki tsinke in je in buɗe ramukan nan biyu. Labulen kicin yana cikin durowa a ninke, rana na dukan idona kullum da safe, ban sake yin ƙorafi ba. Ita kuma har yau a gaban tagar take tsayawa ta yi yanke-yankenta, alhali teburin da ke bayanta ya fi faɗi.